Robar shaƙar maganin fuka: wata biyar ina amfani da ita

Ranar da likita ta ce in sayo robar nan, raina bai so ba. Inhela kanta, wato abin fesa maganin fuka a baki, tun 2023 kuɗinta ya yi ta hawa, sai kuma a ce in ƙara da wata aba mai kama da gorar ruwa. Sifesa suke ce mata. Kemis uku na shiga a unguwar Agege ta Legas babu, sai a Ikeja na samo, kuma ba arha.

Autana shekararsa biyar, yana da uku fuka ta bayyana. Ga janareton maƙwabta a gindin taga, ga hayaƙin motocin haya na danfo, ga danshin damina da ke baƙanta bango, wanda ke zaune a Legas ya san zancen. Shekara biyu ina fesa masa shuɗiyar inhela, salbutamol, kai tsaye a baki, ina cewa magani ba ya ci. Ashe laifin ba na magani ba ne. Ƙaramin yaro ba ya iya daidaita jan numfashi da lokacin fesawa, sai yawancin maganin ya maƙale a harshe da maƙogwaro, kaɗan ne ke isa huhu. Robar tana riƙe feshin a cikinta, yaro ya ja a hankali.

Gefe ɗaya ake cusa inhela, ɗaya gefen abin rufe hanci da baki ne mai laushi. Akwai wani ɗan marfi a ciki da ke motsi duk lokacin da ya ja iska. A girgiza inhela, a fesa sau ɗaya tak, ya yi numfashi biyar ko shida, sannan a sake girgizawa in za a ƙara. Ni da garaje na fara, biyu a jere nake fesawa, sai da nas ta ce, "Maman yaro, ɗaya-ɗaya ake yi, asara kike."

Wani dare a Janairu da hazo ya sauko, wajen ƙarfe biyu na ji ƙirjinsa na kuka kamar 'yar kyanwa, fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa. Na ɗora shi a cinya, babansa ya haska mana da waya, muna ƙirga motsin marfin nan. Kafin minti goma kukan ya lafa, barci ya ɗauke shi. Da can irin wannan daren a asibiti muke ƙarasa shi.

Da robar nake ba shi ɗaya inhelar ma, mai ruwan ƙasa, ta rigakafi, safe da dare ko lafiyarsa ƙalau, in ya gama ya kurkure baki. A kan wannan muka sha fama da surukata. Ta waya daga Kano take cewa, "Ke 'yar nan, kar ki sabar masa da abin nan." Na ce, "Hajiya, ba sabo ba ne, kumburin hanyar iska take kwantarwa." Har yau ba ta gamsu ba, amma ta daina aiko min da turaren wuta, wanda ni ma rabuwa da shi ya yi min ciwo.

Aibun robar kuwa akwai. Ƙatuwa ce, ba ta shiga jakar hannu. Takardar bayanin Turanci zalla, rubutun kamar ƙwayar gero. Da na wanke ta na goge da tsumma, ashe kuskure ne, gogewa na sa magani ya manne a jikin robar. Ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a bar ta ta bushe da kanta. Abin rufe hancin ma ya fara tsagewa a gefe.

Kuma ba ta maye gurbin asibiti. Likita ta ja min kunne: in ya kasa magana, ko leɓensa ya canza launi, ko an fesa bai lafa ba, a fita da shi ko ƙarfe nawa ne.

Wata mai zuwa zan sayi ta biyu, wadda ake kamawa da baki tunda ya fara wayo, in kai wa malamarsu ta ajiye a aji.