Karkatar Duniya da Zagayen Iska: Wanne Ke Kawo Damina?

Duniya a karkace take da kusan digiri 23.4, shi ya sa rana ke kai-komo tsakanin arewa da kudu a shekara. A Kano takan tsaya daidai tsakar ka sau biyu, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta. Duba inuwarka da tsakar rana, za ka ga ta dunƙule a ƙarƙashin ƙafa. Amma Afrilu zafi kamar gashi, Agusta kuwa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ashe karkata kaɗai ba ta isa bayani ba.

Nan iska ta shigo. Inda ƙasa ta fi zafi, iska kan tashi sama ta zubar da ruwanta, busasshiyar ta je ta sauka wajen digiri 30 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kan Sahara. Layin da iskoki ke haɗuwa yana bin rana, amma a makare. Muddin yana kudu da mu, iskar arewa maso gabas ke mulki, ita ce mai kwaso ƙurar Bodele ta Chadi da hunturu har leɓe ya tsage. Da ya haura arewa, sai ta Tekun Atlantika ta taho da laima.

Ni dai na fi ba iska girma. Agadez ma rana na tsaya mata a ka, amma layin ba ya daɗewa can, daminarta gajera ce.