Gargaɗi: masu sayar da hatimin afostil cikin kwana biyu

Jama'a, duk wanda ke shirin kai takardunsa wata ƙasa, don karatu ne ko aiki ko aure ko neman izinin zama, ina roƙonsa ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Ba ji na yi a bakin wani ba. Ƙanena abin ya faɗa wa, kuma takardun da aka ba shi suna gabana yanzu haka.

Ya samu aiki a wani asibiti a ƙasar waje. Suka ce ya kawo shaidar kammala karatu da takardar haihuwa da takardar 'yan sanda, dukkansu a tantance su bisa doka, suka kuma yanka masa wa'adi. Yana cikin wannan ruɗani ya ci karo da talla a Facebook: wai kamfani ne mai tantance takardu na kowace ƙasa da hatimin afostil, wato shaidar da ke sa takardar wata ƙasa ta karɓu a wata, kwana biyu an gama, ba sai ka taka ƙafarka ko'ina ba. Ya bi lambar zuwa WhatsApp. Mutumin ga ladabi ga iya magana, yallaɓai sama yallaɓai ƙasa. Ya ce a ɗauki hoton takardun da na fasfo a turo, a ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran idan aiki ya fito. Aiki kuwa ya fito, har da jan hatimi da kintinkiri. Ƙanena ya cika kuɗi yana murna, ya aika wa masu aikin.

Bayan sati uku ya kira ni muryarsa na rawa. "Yaya, sun dawo da takardun. Sun ce hatimin na gaske ne amma ba shi da amfani." Ni ma da farko maganar ta ɗaure mini kai. Yaya abu zai zama na gaske kuma ya zama na banza? Sai da na zauna na bi takardar layi-layi na gane irin sakiyar da aka yi masa.

Hanya biyu ce ake bi takardar wata ƙasa ta samu karɓuwa a wata. Tsohuwar hanya ita ce ta hawa-hawa: hukumar da ke da alhakin takardar ta tabbatar da ita, misali ma'aikatar ilimi idan shaidar karatu ce, sai ma'aikatar harkokin wajen ƙasar ta buga nata hatimin, daga ƙarshe ofishin jakadancin ƙasar da za a kai takardar ya buga nasa. Saboda wahalar wannan zirga-zirga ne aka ƙulla wata yarjejeniya a birnin Hague na ƙasar Holan ranar 5 ga Oktoba 1961, ta fara aiki a 1965. Ta ce tsakanin ƙasashen da suka shiga, shaida guda ta wadatar, ita ce ake kira afostil. Yau ƙasashe sama da 120 ne a ciki. Saudiyya ta fara aiki da ita a Disamban 2022, Sin a Nuwamban 2023, Kanada a Janairun 2024. Amma a lokacin da nake wannan rubutu, irin su Najeriya da Gana da Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba sa ciki, har yanzu hanyar hawa-hawa suke bi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Afostil ba ya fitowa sai daga ƙasar da ta ba da takardar. Ƙasar da ta ba ka shaidar haihuwa ita kaɗai ke iya cewa sa hannun da ke jiki na jami'inta ne. Idan ƙasar ba ta cikin yarjejeniyar, babu wani ofishi a duniya da zai ba takardarka afostil, komai kuɗinka. Ƙasar da ta ba ƙanena shaidar karatu ba ta ciki. Ke nan tun daga tallar, abin da mutumin ya ce zai sayar masa abu ne da babu shi.

Me ya yi ke nan? Ya buga hoton da aka tura masa a takarda, ya sa wani a wata ƙasa ta uku wadda ke cikin yarjejeniyar ya je gaban lauya mai shaida sa hannu, wanda ake kira notari, ya rubuta cewa wannan kwafin takarda ce da ke hannunsa, ya sa hannu. Notarin ya shaida cewa a gabansa aka sa hannun. Sai aka kai wa hukumar ƙasar, ita kuma ta ba da afostil na gaske, mai lamba, cewa lalle wannan notari nata ne kuma hatiminsa ne. Babu wanda ya yi ƙarya a cikin jerin nan in ban da dillalin, amma kuma babu wanda ya taɓa shaidar karatun. Afostil ba ya cewa abin da ke cikin takarda gaskiya ne. Abu uku kawai yake tabbatarwa: sa hannun, matsayin wanda ya sa hannun, da hatimin da ke jiki. Wannan ƙofar ce masu sayar da digirin bogi suka daɗe suna bi don takardunsu su yi kwarjini, shi ya sa jami'an da ke karɓar takardu suka san dabarar sarai, kuma da sun gan ta suke fara yi wa mutum kallon tuhuma.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, amsar tana rubuce a jikin takardar tun ranar farko, ba mu san inda za mu duba ba ne. Afostil yana da fasali guda a duk duniya. A samansa akwai take da Faransanci, ko da sauran rubutun da wane harshe ne: Apostille, sannan Convention de La Haye du 5 octobre 1961. A ƙarƙashi akwai layuka goma masu lamba. Na ɗaya sunan ƙasa. Na biyu wanda ya sa hannu a takardar da ake tantancewa. Na uku matsayinsa. Na huɗu hatimin wace hukuma ce. Sauran kuma wuri da rana da ofishin da ya bayar da lambar shaidar da hatimi da sa hannu. A takardar ƙanena, layi na ɗaya sunan ƙasar da bai taɓa takawa ba ne, na biyu kuma sunan notari ne a inda ya kamata a ga magatakardan makarantarsa. Minti ɗaya ya isa mutum ya gane, in ya sani.

Shi ma a hakan ya yi sa'a, domin da na fara bincike na ga wasu jabu tsagwaronsa ake ba su. A kwamfuta ake zana shi, a ɗora masa lambar nan mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa da waya. Ka haska, ta kai ka wani shafi mai tambarin gwamnati, ya nuna maka sunanka da koren rubutu wai an tabbatar. Shafin nasu ne, su suka gina shi, kuma bayan 'yan watanni zai ɓace. Yarjejeniyar ta wajabta wa kowace hukuma mai ba da afostil ta ajiye rajistar lamba da ranar duk wanda ta fitar, kuma duk mai buƙata yana da haƙƙin tambaya a duba masa. Tun 2006 aka fara shirin mayar da rajistocin nan intanet, ƙasashe da yawa sun yi. Amma kada ka bi adireshin da ke jikin takarda ko wanda dillali ya turo maka. Ka shiga da kanka shafin hukumar Hague da ke kula da yarjejeniyar, wadda ake kira HCCH a taƙaice, a nan akwai jerin ƙasashen da ke ciki da ofisoshin da kowacce ta ba izini, daga nan ka bi zuwa rajistar. A Birtaniya ofishin tantance takardu na ma'aikatar harkokin waje ne ke bayarwa. A Amurka takardar jiha ofishin jihar ne ke tantance ta, yawanci na sakataren jiha, ta tarayya kuma ma'aikatar harkokin waje. A Indiya ma'aikatar harkokin waje. Babu inda kamfanin kasuwanci ke da hatimin kansa.

Akwai ma wani lungu da dillalan ba za su faɗa maka ba: ko ƙasashen biyu duk suna ciki, ɗaya tana iya ƙin amincewa da shigar ɗayar, kamar yadda Jamus ta yi lokacin da Indiya ta shiga. A irin wannan hali afostil ba ya aiki a tsakaninsu. Shi ya sa tambaya ta farko ba ga dillali za ka kai ta ba. Ka rubuta wa makarantar ko ma'aikatar ko ofishin jakadancin da zai karɓi takardar, su faɗa maka a rubuce irin tantancewar da suke so, ko suna buƙatar fassara daga mai fassara da suka yarda da shi, da kuma tsawon lokacin da suke karɓar takardar 'yan sanda bayan fitowarta.

Ban ce duk mai yi wa mutane wannan hidima macuci ne ba. Akwai masu gaskiya da ke karɓar takarda su je su bi layi a madadinka, su ɗauki ladan wahalarsu. Irinsu za su gaya maka ofishin da za su je da sunansa, su raba maka kuɗin hukuma da nasu, su kawo maka rasit na ofishin, kuma ba za su yi maka rantsuwa a kan ranar da ba a hannunsu take ba. Mutumin ƙanena kuwa, da aka tambaye shi ofishin da yake kaiwa, cewa ya yi yana da mutum a ciki. Asusun da aka tura kuɗin ma na wani mutum ne daban, ba na kamfani ba. Kullum kuma cikin azalzala yake, wai gobe farashi zai tashi.

Kada wani ya ɗauka asarar ta tsaya a kuɗi. Takardar da ka miƙa da hannunka kai ke da alhakinta, ba a tambayar wa ya haɗa maka. Idan aka yanke cewa yaudara ka yi a neman biza, Birtaniya na iya hana ka shiga har shekara 10, Kanada shekara 5, a Amurka kuwa haramcin na iya zama na har abada. Ƙanena ya tsira daga wannan ne kawai don takardunsa na asali sahihai ne, kuma a matakin masu ɗaukar aiki abin ya tsaya, bai kai ga jami'an shige da fice ba.

Da muka koma wa mutumin, ya ce laifin asibitin ne, ba su san doka ba, amma in an ƙara wani abu zai sa a sake bugawa. Da na karɓi wayar na karanta masa layi na ɗaya da na biyu, sai ya kashe. Washegari lambar ta daina shiga. Mun kai ƙara wajen 'yan sanda da hotunan hirar da shaidar tura kuɗi, mun sanar da banki, mun kuma kai rahoton shafin. Ƙanena ya faro daga tushe ta hanyar hawa-hawa, takardar 'yan sandan ma sai da ya sake nema don ta farkon ta tsufa, asibitin kuma sun ɗaga masa zuwa zagaye na gaba. Hoton fasfonsa da takardar haihuwarsa dai suna hannun mutumin har yanzu. A makon jiya na sake ganin tallar, hotunan hatimin nan dai su ne, sunan kamfanin kawai aka canja.