Linzami mai zafi ko hannu mai laushi: horon doki a Gombe

Idan hawan sallah ya rage saura wata guda, gaggawa ce ke cika bargogin Gombe. Mai doki na son dokinsa ɗan shekara 2 ya iya jahi, wato sukuwar gaisuwa, a gaban Sarki, sai a sa masa linzami mai zobe, a bi shi da ƙaimi da bulala. Aiki yana sauri, ba musu. Amma na taɓa buɗe bakin wani akawal, wato baƙin doki, bayan hawa: dasashi a tsage, kumfa ta koma ja. Har yau abin na damuna. Irin wannan doki yakan ɗaga kai don gudun zafi, gadon bayansa ya lotsa, nauyi ya tare a ƙafafun gaba. Alhali ƙashin bayan doki ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 5 zuwa 6.

Ɗaya hanyar ita ce ta tsohuwar makarantar hawan doki ta Viyana a Ostiriya, inda angarmu ke fara horo wajen shekara 4, a shafe kamar shekara 6 ana koya musu. Da farko ba a hawa. Doguwar igiya ake ɗaura wa doki, ya riƙa zagaye dama da hagu. Sannan tafiya da sassarfa. Da ya amsa sai a sassauta linzami, sassaucin nan shi ne ladansa, a hankali yake koyon tattaro ƙafafun baya ƙarƙashin ciki.

Dattijon bargarmu ya ce, "Ɗana, wa ke da wannan haƙurin?" Na ce, "Baba, ko wata 6 da ragama, igiyar kai marar ƙarfe a baki, ai ya rage ɗingishi." Nawa dokin dai bana ba zai fita hawa ba.