Dikodar sauti tana ɗaukewa: goge layi ko ƙara kafasita?

Ɗan'uwanmu na Jidda ya ce kan jirgin ƙasansa na wasa mai aiki da lantarki, samfurin HO (wani ma'aunin girman irin waɗannan ƙananan jirage), yana cikin tafiya sai ƙarar injin ta ɗauke ta sake tashi daga farko, fitila tana ƙiftawa. Wasu sun ce ya goge layin dogo, wasu sun ce ya sa kafasita, wato 'yar na'urar ajiye wutar lantarki. Wanne ne?

Malam, dikoda 'yar kwamfuta ce a cikin kan jirgin, ita ke sarrafa tafiya da fitila da sauti. Wuta ta yanke mata ko da ƙiftawar ido, sai ta tashi sabuwa. Motar lantarkin da ke juya tayoyin jirgin ba ta nuna wannan yankewar saboda gudu yana ɗauke da ita, sauti kuwa nan take yake tonawa.

Goge layi shi ne maganin tushe, kuma kusan kyauta ne. A Jidda ƙura ga ta, ga danshin Bahar Maliya, su biyun suna haɗuwa su zama baƙin dauɗa a kan ƙarfe. A samu tsumma mai tsabta da sinadarin isopropyl, a goge saman layin. A jiƙa wani tsumman a shimfiɗa a kan layi, a ɗora rabin tayoyin a kai, a ba jirgin wuta su juya, sannan a sauya ɗaya rabin. A duba siraran ƙarafunan da ke shafar bayan taya suna ɗauko wuta, nan gashi da zare suke maƙalewa. Kada a kankare layi da takardar yashi, tsagin da take bari shi ke tara datti gobe.

Kafasita ba ta tsabtace komai, wuta take ajiyewa ta ciyar da dikoda a inda layi ya gaza. Amfaninta yana fitowa ga gajeren kai mai tayoyi kaɗan, ko a mahaɗar layi mai roba a tsakiya. Akwai PowerPack na ESU da CurrentKeeper na SoundTraxx. Mai haɗa tasa ya nemi mai jure volt 25, ya haɗa rasista ohm 100 (mai rage ƙarfin wuta) da dayod 1N4007 (mai barin wuta ta bi hanya ɗaya) kafaɗa da kafaɗa ya sa su a ƙafarta ɗaya, ya jona ta tsakanin shuɗiyar waya da ƙafar nagetif ta dikoda. In aka juya ƙafafun kafasitar tana iya fashewa. Irin wannan ta gida tana iya hana karanta CV, wato lambobin saitin dikoda, a layin da ake yi mata saiti.

Ga yadda za ka raba gardama. In wuri ɗaya yake ɗaukewa kullum, duba mahaɗin layin wurin. In ko'ina ne, tayoyi ne. In kuwa jirgin zabura yake yi da gudu shi kaɗai, duk biyun ba maganinsa ba ne: a kashe aikin analog (tafiya da zallar wutar layi ba tare da umarnin dijital ba), wato a rage 4 daga adadin da ke cikin CV mai lamba 29 in aikin yana kunne.

Mu dai shawararmu ka fara da tsumma. In komai ya yi fes amma yana ɗaukewa a mahaɗa, lokacin sayen kafasita ya yi.