Kwana uku a Alabama Hills, ko sisi ban biya ba

Ni da ƙanena muka tashi daga garin Lone Pine a jihar Kalifoniya zuwa Alabama Hills, wani fili mai duwatsu a kusa da garin, muka bi hanyar Movie Road, inda kwalta ke ƙarewa a shiga burji. Filin na gwamnatin Amurka ne, hukumar filayen gwamnati da ake kira BLM ke kula da shi. Kwana kyauta ne a wuraren da aka ware, sai dai ba a wuce kwana 14.

Kyautar ke nan, ba ƙari. Babu famfo, babu wuta, babu inuwa. Jarka biyu muka cika a gari, kafin kwana na uku har mun fara tsimin alwala. Sharar da ka tara kuma, kai za ka kwashe abarka.

Daren farko iska ta tumɓuke mana tanti, ƙusoshin sun ƙi kama tsakuwa, sai da muka danne igiyoyin da duwatsu. Ga sanyi mai shiga ƙashi, alhali da rana gumi muke yi.

Amma asuba! Ina riƙe da kofin shayi, rana ta fara taɓa ƙololuwar Dutsen Whitney, mai tsayin mita 4,421, dusar ƙanƙara ta koma ja-ja-ja. Ƙanena da ya kwana yana mita, shiru ya yi.

Zan koma, amma da jarka huɗu.