Wayfai na yankewa tsakanin ƙasa da bene: me ya kamata ka saya?

Gidanmu a Shara Mansur hawa uku ne, siriri, irin ginin Makka da ake mannawa a jikin dutse, bulo da kankare da rodi ta ko'ina. Akwatin faiba yana ƙasa a majalisi, don nan mai haɗawa ya ga damar huda bango. Hajiya kuwa ba ta iya kiran bidiyo a zaune. Za ta fara gaisawa da 'yan Kano a kicin, ta kama matakala za ta nuna musu jikoki, kafin ta kai hawa na biyu hoto ya daskare. Sai ka jiyo ta daga sama: "Kai ɗan nan, abin naka ya sake ɗaukewa." Kuɗin da na zubar saboda wannan magana ya isa, shi ya sa nake so wanda zai shiga Jarir ko eXtra ko shagon unguwa ya san abin da zai nuna da yatsa.

Da farko dai, yawancin gidajen da ke wannan kuka ba ƙarancin sigina ke damun su ba. Waya ce ke yanke shawarar sakin wata na'ura ta kama wata, rauta ba ta da ikon tilasta mata. Kamfanin Apple ya bayyana cewa iPhone ba ta fara neman wata na'urar sai sigina ya faɗi zuwa -70 dBm a ma'aunin ƙarfin sigina, kuma ko a lokacin ba za ta koma ba sai sabuwar ta fi tsohuwar ƙarfi da 8 dB in tana cikin aiki, ko 12 dB in tana ajiye. Wayoyin Android kowane kamfani da nasa ma'aunin. Ke nan kana tsaye a gindin na'urar bene, wayarka tana nan maƙale da ta ƙasa kamar kaska. In ta gaji ta saki, sai ta yi lalube, ta sake gabatar da kalmar sirri, wani lokacin har ta nemi sabon adireshi. Mai karanta labarai ba zai lura ba. Mai kiran bidiyo kuwa ya riga ya shiga "kina ji na? kina ji na?"

Mukawwi, ɗan akwatin nan mai ƙaho biyu da ake sokawa a soket don ƙara nisan wayfai, shi ne abin da kowane mai shago zai fara miƙo maka. Da bakin da yake karɓa da shi yake mayarwa, don haka kusan rabin gudun ya tafi, ga shi sau da yawa yana zuwa da suna na daban wanda sai ka shiga saiti ka zaɓa da hannu. Na sayi biyu, suna cikin durowa.

Masu tura intanet ta wayar lantarkin bango su ma kar ka ɓata lokaci a tsohon gida, inda kowane hawa da layinsa, ga na'urorin sanyaya ɗaki suna ruri dare da rana.

Tsohuwar rauta da aka ja mata kebul zuwa bene ta fi waɗannan biyun mutunci, kuma kyauta ce in kana da ita. Sharaɗi shi ne suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, nau'in tsaro ɗaya, sannan a kashe mata rabon adireshi, wato DHCP, a bar wa babbar rauta ita kaɗai. A zangon 2.4 GHz a raba musu tashoshi tsakanin 1 da 6 da 11, domin su uku ne ba sa taka juna. A kuma rage ƙarfin watsawa. Mutane na mamakin wannan, amma in ta ƙasa ta daina ihu har bene, waya za ta fi saurin sakin ta. Aibinta ɗaya: na'urorin biyu ba su san da zaman juna ba, babu mai ce wa waya ga wata can ta fi kusa.

Nan ne mesh ya yi musu fintinkau, kuma ba zan ɓoye ba, shi nake so. Na'urori biyu ko uku ne masu shugaba ɗaya, kuma masu kyau a cikinsu suna amfani da ƙa'idoji uku da ya kamata ka nema a jikin kwali ko a takardar bayani. 802.11k tana ba waya jerin maƙwabta tun kafin ta buƙace su, ba sai ta bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya ba. 802.11v tana ba na'urar damar raɗa wa waya cewa ki matsa can. 802.11r kuma tana gajarta gaisuwar tsaro, waya ta sauya masauki ba tare da kira ya ji a jikinsa ba. Ni Deco na TP-Link na ɗauka, mai Wi-Fi 6, guda uku, kowane hawa ɗaya. Dalilina ba wai ya fi kowa gudu ba. Kowace a cikinsu tana da kafar kebul, da ka soka sai ta gane da kanta ta daina magana da 'yan'uwanta ta iska. Ana iya mayar da su masu watsawa kawai a bar rautar kamfani tana shugabanci, sai dai ka tuna ka kashe wayfai ɗin rautar kamfanin, in ba haka ba ka ƙara wa waya kishiya ta huɗu. Akwai maɓallin saurin sauya masauki a manhajarsu, wanda ake iya kashewa in wata tsohuwar firinta ko kyamara ta ƙi haɗuwa. Kuma samfuran Deco suna aiki da juna, ka sayi biyu bana, ka ƙara ɗaya baɗi. Abin da ba na so shi ne sai ka buɗe asusu da manhaja kafin ka saita su, amma na haƙura.

AiMesh na Asus ya fi yawan saiti, ya dace da mai son tone-tone. UniFi na otal ne da ofis. Ƙananan na'urorin Nest Wifi na 2019 ko kafar kebul ba su da ita, magana ta ƙare.

Wi-Fi 6E da Wi-Fi 7, masu amfani da zangon 6 GHz, halal ne a nan, tun 2021 hukumar sadarwa ta Saudiyya ta buɗe zangon 6 GHz gaba ɗayansa. Amma in lambar GHz ta zango ta ƙaru, ƙarfinsa na ratsa bango raguwa yake, bangonmu kuma ba katako ba ne. In dole ka zaɓa, sayi matsakaicin mesh ka sa ragowar kuɗin a kebul.

To, kebul ɗin nan, a nan aka ci ni. Na kira mai aiki ya ja daga majalisi zuwa hawa na uku, ya zo da kwali an rubuta Cat6 ɓaro-ɓaro, ya ce, "Ya Hajji, asali ne, ka kwantar da hankalinka." Wata biyu aka yi lafiya, sai bene ya fara rarrafe. Da na yanke ɗan guntu na kankare da wuƙa, sai ga fari ya bayyana a ƙarƙashin ja. Alminiyam ne aka yi wa fatar jan ƙarfe, irin wanda ake kira CCA. Yana karyewa a lanƙwasa, kuma gudun gigabit yana buƙatar dukkan zare takwas. Guda ɗaya ya tsinke, sai layin ya faɗo zuwa megabit 100 ko ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, kai kuma kana ta zagin mesh. Kafin a saka ko mita ɗaya a bango, ka ce a yanko maka guntu. Kankare shi. Ko ka kara masa wutar laita: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, alminiyam zai langaɓe. Ɗaga kwalin mita 305 ɗin ma ka ji, na jabu ba shi da nauyi. Kada tsawon layi ɗaya ya wuce mita 100, kada kuma a bar shi tsirara a rufin gida ranar Makka tana dafa shi, a sa shi cikin bututu. In an gama, kar ka biya sai an jona na'urar gwaji ka ga fitilu takwas sun bi layi.

Lambobin jikin kwalin na'ura ma yaudara ce mai lasisi. AC1200 jimillar gudun zango biyu ce, megabit 300 da 867, AX3000 kuma 574 da 2402, babu wayar da za ta sami jimillar. Abin dubawa shi ne kafar kebul. Akwai na'urori masu AC1200 da kafarsu ba ta wuce megabit 100 ba, har a dangin Deco akwai E4 mai irin wannan, ka biya faiba mai gudu ka zo ka shaƙe ta da kanka. Mukawwi marasa suna da ake zubawa a tire da alkawarin ratsa bango bakwai, wasu ƙahonninsu roba ce zalla.

Kayan hannu na Haraj, wato kasuwar tsofaffin kaya, sai mai shi ya cire su daga asusunsa a gabanka kuma an mayar da su saitin masana'anta. Duba cajar: in ba ta asali ba ce, na'urar za ta riƙa mutuwa tana farfaɗowa, ka ɗauka wayfai ne. Filogi ya zama mai ƙafa uku irin na ƙasar nan. In ka ga mai ƙafa biyu siraru da manhaja da Sinanci, kayan wata kasuwa ne, wakilin nan ba lallai ya karɓe su ba.

Fatura kuwa, wato rasit, kar ka fita ba ita. Ta gaskiya tana da lambar QR da harajin kashi 15 a rubuce, kuma da ita za ka nemi garantin shekara biyu da doka ta tanadar wa kayan lantarki. Mai shagon da ya ce zai rage maka in ka yafe fatura, garantin yake saye a hannunka da araha. In ya yi taurin kai daga baya, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafi a 1900.

Ranar da ka haɗa, kar ka tsaya gwada gudu a gindin na'ura. Kashe datar waya, don kada ta rufa wa wayfai asiri, ka kira wani ta bidiyo, ka hau matakala har sama ka sauko sau biyu. Ni Hajiya na ba wannan aikin, ta kira ƙanwarta a Fagge, ta hau har rufi tana nuna mata hasumiyar agogo.