Kamfanin da ke kula da hutun jinyarmu: abin da na gani a hannunsu lokacin korona

Lodi nake yi a wani babban sito na kayan abinci a Hunts Point, cikin unguwar Bronx ta birnin New York. Wurin aikinmu ba ya taɓa takardun hutu, wani kamfani daban ya danƙa wa. Su ake kira in ciwo ya kwantar da mutum, ta hannunsu kuma kuɗin inshorar nakasa yake fitowa. Sau biyu na bi ta kansu a 2020.

Na farko a watan Afrilu ne, ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi. Zazzaɓi ya rufe ni, hancina ya daina jin komai, har turaren wutar da uwargida ke sa wa a kasko. Dokar tarayya da ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, mai ba da awa 80 na hutu da albashi, ba ta shafe mu ba, don ta tsaya ne kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 500 ba. Dokar jihar New York ce ta rufa mana asiri: mai ma'aikata 100 zuwa sama dole ya biya wanda aka killace kwana 14. Ina kwance na ɗauki hoton takardar killacewar da waya, na tura ta manhajar kamfanin, albashina ya shigo cif-cif. Wannan kam sai sambarka.

Matsalar ta zo ne bayan an ce na warke. Na koma aiki, amma kwali uku zan ɗaga ƙirjina ya ɗaure. Gidanmu hawa na huɗu ne, sai na zauna a kan matakala sau biyu kafin in kai ƙofa. A watan Yuni likita ya ce in dakata, aka ba ni fom ɗin neman kuɗin inshorar nakasa da ake kira DB-450.

Ranar farko na yi awa ɗaya da minti arba'in riƙe da waya kafin a ɗauka. Ban ga laifinsu sosai a nan ba. Tun 16 ga Maris aka rufe makarantun birnin, iyaye suna neman hutun reno, wasu abokan aikina kuma ba ƙwayar cutar ce ta kayar da su ba, fargaba ce da rashin barci, ga jiniyar motar asibiti dare da rana. Duk layi ɗaya muke bi.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne sau biyu suna dawo da fom ɗina, wai likita bai rubuta ranar da zan koma aiki ba. Yaya zai rubuta abin da Allah kaɗai ya sani? Hoton ƙirjina ya fito ƙalau, ciwon kuma lokacin ba shi da suna a hukumance. Sai a Yulin 2021 gwamnatin Amurka ta bayyana cewa korona mai daɗewa a jiki tana iya zama nakasa a idon doka. Kuma babu wanda ya gaya mini cewa kwana 30 ne wa'adin shigar da takarda. A masallaci na ji, a bakin wani ɗan'uwa direban tasi.

Wata baiwar Allah a cikinsu ce ta warware mini. Ta saurare ni har na gama, ina magana ina haki, ta kira ofishin likitan da kanta, ta sa aka rubuta ranar wucin gadi da za a iya sabuntawa. Allah ya saka mata da alheri.

Bayan mako bakwai kuɗi ya shigo: dala 170 a mako. Wannan iyakar doka ce ba tasu ba, tun 1989 take a haka, ba a biyan makon farko, kuma ba ta wuce mako 26. Ko rabin kuɗin hayarmu bai kai ba. Adashen da muke yi da 'yan'uwa ne ya cike sauran.

Tauraro uku cikin biyar nake ba su. Manhajar tana aiki, amma da Turanci da Sifaniyanci kawai take magana. Da wani abokin aikina mutumin Maraɗi ya kwanta cikin hunturun shekarar, ni na zauna kusa da shi muka cike fom ɗinsa layi-layi, muka tura a rana ta tara.